Haraji na rage talauci ne ko ƙara shi yake yi?

Tambaya: Malam, sana'ar albasa nake yi a Aliero. Duk sanda aka ce za a ƙara tara kuɗin shiga don a taimaki talaka, mu ake fara tarewa a hanya. Anya harajin nan ba ƙara mana talauci yake yi ba?

Amsa: Alhaji, tsoronka na kan hanya. Abin dubawa shi ne daga aljihun wa aka karɓa, kuma a kan wa aka kashe.

Akwai maganar da ta ishe ni, wai talaka ba ya biyan haraji. Har masu digiri na faɗin ta. Ƙarya ce tsagwaronta. Katin wayar da ka sa yau akwai harajin VAT (wanda ake ɗorawa kan kuɗin abin da ka saya) a ciki, kashi 7.5 cikin ɗari tun 2020. Ga kuɗin kasuwa, ga na tasha, ga na lodi, ga mai igiya a bakin hanya da tikitin da ba hatimi. A ce naira 500 ake karɓa a ƙofar kasuwa. Mai ƙuli-ƙulin da jarinta dubu 10 ne ta ba da kashi 5 cikin ɗari na jarin. Dillalin da ya shigo da kayan miliyan ɗaya bai ma san an taɓa shi ba. Wanda kuma ya yarda cewa shi ba ya biyan haraji, in an haƙa masa rijiyar burtsatse sai ya ɗauka kyauta ce, ya tafi godiya, ba zai tambayi nawa aka ware ba.

Harajin da ke rage tazara shi ne mai hawa da samun mutum. Dokar harajin da ta fara aiki a Janairun 2026 ta yafe haraji kan naira dubu 800 na farko da mutum ya samu a shekara, masu samu mafi yawa kuma suna kaiwa kashi 25. Sai harajin manyan gidaje da filaye, tunda gida ba ya ɓuya.

Wajen kashewa, buhun shinkafar da gwamnati ke rabawa da azumi ba ya kaiwa Sallah. Hanyar gona, ma'ajiyar da albasa ba za ta ruɓe ba, magani a asibitin ƙauye da malamin firamare su ne ke rage wa talaka kashe kuɗi. Kuɗin UBEC ma, wato hukumar tarayya mai tallafa wa ilimin matakin farko, ba ya fitowa sai jiha ta ajiye nata kason.

Ku haɗu a ƙungiyance, ku nemi jerin kuɗaɗen da doka ta amince a karɓa daga hukumar tara haraji ta jiha, kada kuma ku biya ko sisi babu rasit.