Wake a Lambun Gida: Amsoshin Wasiƙunku

Wata uwargida daga Tudun Wada ta rubuto cewa tun watan Yuni ta shuka wake irin Kanannado, ta zuba masa yuriya, ganye ya rufe fili har ya hau katanga, amma ko fure ɗaya babu.

Hajiya, kuskure biyu kika haɗa. Wake ba masara ba ne. A saiwarsa akwai 'yan ƙulle-ƙulle da ke samar masa abin da yuriya ke bayarwa, daga iska kuma kyauta. Harawa kika noma da kuɗinki. Takin supa yake so lokacin shuka, ko takin gida da ya ruɓe. Sannan Kanannado ba ya fure sai yini ya fara gajarta, wajen ƙarshen damina, ko da kin shuka da wuri. Ki bar shi, zai yi. Baɗi ki nemi iri mai tsayuwa, ki shuka daga tsakiyar Yuli zuwa farkon Agusta, santimita 75 tsakanin kunyoyi, 20 tsakanin ramuka, ƙwaya biyu-biyu.

Wani matashi daga Shika ya shuka koren wake, irin na soyayyiyar shinkafa, a watan Maris, furen duk ya zube. Zafin bazara ne ya kakkaɓe shi, ɗan'uwa. Ka shuka a Nuwamba da ban ruwa, cikin wata biyu za ka fara tsinka.

Mai tambaya kan lokacin shuka da girbin waken suya: shuka daga Yuni zuwa farkon Yuli, girbi da zarar ganye ya zube, kafin kwanson ya fara fashewa.

Sai wasiƙar da ta fi damuna. Wani malamin makaranta a Samaru ya ce ya yi feshi har ya gaji, kowane mako da sabuwar kwalba, amma duk kwanson da ya ɓare sai ya tarar da tsutsa.

Malam, kowace damina sai an yi mini wannan tambaya, kuma amsar ba ta canzawa: kuna feshi bayan aikin gama ya gama. Wannan tsutsa, maruka, wani ƙaramin malam-buɗe-littafi ne ke saka ƙwanta da dare a kan tohon fure. Tana ƙyanƙyashewa ta shige cikin furen, ta ci, ta haɗa shi da ganye da wata yana irin ta gizo-gizo, daga nan ta huda kwanso. In ta shige ciki, maganin da ka saya da tsada a saman ɓawo yake tsayawa. Saboda haka da wake ya fara toho, ka fita da safe ka tsinki 'yan furanni ka buɗe da farce. Ka ga tsutsa ko baƙin kashinta, ranar feshi ke nan.

Kunya biyar ko shida a cikin gida, inda yara da kaji ke yawo, ba ta cancanci guba ba. Ga darbejiya ko'ina a Zariya. Daka busassun 'ya'yanta rabin kilo, jiƙa a ruwa lita 10 su kwana, tace da ƙyalle, sa ɗan sabulu, ka fesa da yamma duk mako muddin ana fure. Yana rage darɓa ma.

Kuma kana zaune kusa da IAR, cibiyar binciken aikin gona ta Samaru. Daga nan aka fitar da SAMPEA 20-T a 2019, irin waken da aka sa wa ƙwayar halittar Bt, wata bakteriya mai kashe tsutsa, don maruka kawai. Ba ya hana ƙwarin da ke tsotse kwanso, don haka ana yi masa feshi kamar sau biyu. Wanda bai so irin wannan ba, ya riƙe darbejiya da duba fure.

Wata ta tambaya ko za ta yayyafa Sniper a waken da ta girbe. Kul! Sinadarin da ke cikinsa ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu a 2015. Ki shanya shi ya bushe ƙayau, ki cika jarka mai tsabta har wuya ki toshe, ko ki sa a buhun PICS, mai leda a ciki da ke hana iska shiga. Rashin iska ne zai kashe ƙwaron da ke cin waken.