Amsa kan hular jariri da ta yi wa yaro yawa

Assalamu alaikum, ƴan uwa mata na wannan zaure, barkanmu da warhaka. Ƙanwarmu da ta yi tambaya jiya da dare ta ce ta saƙa wa jaririn yayarta hula da kwarashi, ta bi lissafin wani bidiyo daki-daki, amma da aka sa wa yaron sai hular ta sauko ta rufe masa ido, ga suna ya matso. Allah ya raya mana shi.

Ƙanwata, lissafin da kika bi na mai bidiyon ne, an yi shi ne da zarenta da kwarashinta da kuma hannunta. Wata tana jan zare tamau, wata kuma hannunta sako-sako ne, saboda haka ko da ku biyu kun ƙirga abu ɗaya, hulunanku ba za su zo daidai ba. Abin da zai raba ki da wannan matsala shi ne metir na awo irin na tela, ki ajiye shi kusa da ke duk lokacin da kike saƙa.

Kewayen kan sabon jariri yakan kai santimita 34 zuwa 35. Hula kuwa ana rage mata santimita ɗaya ko biyu domin saƙa tana buɗewa, sai mu ce 33. Idan kika raba 33 da 3.14 za ki samu kusan 10 da rabi, wannan shi ne faɗin da'irar da za ta zauna a tsakiyar kai. Ki fara da sarƙa 4, wato madaukai huɗu a jere, ki haɗa ta zobe, ki zuba doguwar saƙa 12 a ciki, wato wadda ake naɗa zare sau ɗaya a kwarashi kafin a soka. A zagaye na biyu ki sa biyu a kowane gurbi su zama 24, na uku ki riƙa sa biyu a gurbi ɗaya, ɗaya a na gaba, su zama 36, na huɗu kuma biyu a gurbi ɗaya, ɗaya-ɗaya a gurabe biyu na gaba, su zama 48. Bayan kowane zagaye ki shimfiɗa aikin a kan cinyarki ki ɗora metir ta tsakiya. Da zarar ya kai 10 da rabi ki daina ƙari, ko da mai bidiyon tana ci gaba, sannan ki yi ta zagayawa ba ƙari har tsawon hular daga tsakiyar kai zuwa baki ya kai santimita 12 ko 13.

Idan bakin da'irar ya fara tattarewa, ƙarin ya yi yawa. Idan kuma ta lanƙwaso kamar ƙoƙo tun ba ta kai awo ba, ƙarin ya yi kaɗan ko hannu ya matse. Hular da kika riga kika saƙa ba ta lalace ba, ki warware ta zuwa inda awon ya cika ki ɗora daga nan.

Akwai abin da ba ki tambaya ba, amma ya fi lissafin damuna. Yawancin zaren da muke saye a Kasuwar Dole ta Damagaram muna kiransa ulu, akirilik ne, dangin roba. Ki yanki ɗan guntu ki kusantar da shi ga ashana a tsakar gida. Idan ya narke ya dunƙule ya zama baƙin ƙullutu mai tauri, akirilik ne; auduga kuwa ci take yi ta bar toka mai laushi, da ƙauri irin na takarda. Akirilik yana riƙe ɗumi, ya dace da hunturun Disamba da Janairu, sai dai a lokacin ne ake ajiye kaskon garwashi da na turaren wuta a ɗakin maijego, don Allah a nisanta hula da bargon jariri daga wurin, domin narkakken zare manne wa fata yake yi. In yaron zai shiga zafin Damagaram na Afrilu da Mayu, zaren auduga ya fi masa. Ni dai ba na son ganin dutsen ado ko maɓalli ko doguwar igiya a hular jariri, komai kyansu.

Siririn zare yana tafiya da kwarashi mai milimita 3 ko 3.5, kuma takardar da ke naɗe da curin takan faɗi lambar da ta dace. In kin gama da'irar, ki turo mana hotonta da metir a kai kafin ki ci gaba, zan duba miki in sha Allah.