Dalilin ganin ttyS0 har zuwa ttyS31

Malam, ka tambayi abin da ya sa Ubuntu, wani nau'in tsarin Linux, ke nuna maka ttyS0 har ttyS31, wato sunayen da yake ba tashoshin siriyal, alhali tashar siriyal (mahaɗar da ake jona wasu na'urori) ɗaya ce a kwamfutarka. Kwantar da hankalinka. Direban 8250 na Linux, manhajar da ke kula da waɗannan tashoshi, yana tanadar gurabe tun wajen tashin kwamfuta, ko da babu na'ura a bayansu.

Duba fayil ɗin /proc/tty/driver/serial da sudo, umarnin da ke ba ka izinin mai kula da kwamfuta. Duk layin da ke ɗauke da uart:unknown, wayam ne. Na gaskiyar zai nuna 16550A, sunan guntun lantarkin tashar, galibi a adireshin 0x3F8 da IRQ 4 (layin da take kiran hankalin kwamfuta ta kansa), gadon IBM PC na 1981.

In yawansu na damunka, ƙara 8250.nr_uarts=1 a GRUB, manhajar da ke tayar da Linux, don a bar gurbi ɗaya tak. Sai dai ka kula, katin PCI mai ƙara tashoshin siriyal da za ka saka nan gaba zai rasa gurbi. Na taɓa ɓata yini guda a kan wannan.