Komawa dikodar HD: abin da na gani a gidan kallo da kuma a falona

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ka ce kana da talabijin mai inci 32 da tsohuwar dikoda, iyali sun fi kallon Arewa24 da tashoshin wa'azi, kai kuma sai ƙarshen mako kake zama kallon ƙwallo. Mai shago ya ce ka koma HD, wato hoto mai ƙarin tsabta, ka kuma hau tsarin biya mai tsada, shi ne kake tambaya ko abin ya ci kuɗinsa. Na riƙe gidan kallon ƙwallo a Katsina na wasu shekaru kafin in bari, kuma na yi irin wannan canjin sau biyu, ɗaya a wajen sana'a ɗaya a gida. Bari in faɗa maka yadda na same shi.

Mai shagon nan abu biyu ya haɗe maka a magana ɗaya, kuma raba su shi ne rabin amsar. Canza dikoda daban, hawa tsari mai tsada daban. Dikoda sau ɗaya za ka saya ka huta. Kuɗin wata kuwa ba ya ƙarewa, kuma abin da yake saya maka yawan tashoshi ne, ba kyan hoto ba. Mutane da yawa suna ɗauka idan sun ƙara kuɗin wata hoton tashar da suke kallo kullum zai washe. Ba haka abin yake ba. Tashar da ake watsa ta da tsohon inganci, ko tsari mafi tsada ka biya, yadda aka turo ta haka za ta iso ɗakinka.

Ga abin da HD ɗin yake nufi a taƙaice. Hoton talabijin ƙananan ɗigo ne aka jera. Tsohon tsarin da muka saba da shi a nan yana da ɗigo 720 a kwance, 576 a tsaye, wato dubu ɗari huɗu da 'yan kai. Ƙaramin HD yana da 1280 da 720. Cikakkensa kuma 1920 da 1080, ɗigo miliyan biyu da ɗoriya, kusan ninki biyar na tsohon kenan. To amma kafin ɗigon nan su iso idonka sai sun bi ta hannu huɗu: tashar da ta watso, dikodar da ta karɓa, wayar da ta ɗauka zuwa talabijin, sai talabijin ɗin kansa. Ɗaya daga cikinsu ya gaza, kuɗin da ka kashe a kan sauran ukun ya tafi a banza.

Maganar waya ce ta fi damuna, domin ta faru da ni. Lokacin da na fara sa HD a gidan kallo, wanda ya zo ɗaura mini kayan ya haɗa sabuwar dikodar da tsohuwar wayar nan mai kai uku, ja da fari da rawaya, ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Na yi makonni ina kallon hoton ina cewa ban ga abin da ya canza ba. Sai da wani matashi cikin masu zuwa kallo, mai gyaran wayar hannu ne a kasuwa, ya leƙa bayan talabijin ɗin ya ce, "Yaya, ai ba HD kake nunawa ba." Ya kawo wayar HDMI ya sa, ya shiga saitin dikodar ya ɗaga shi zuwa 1080. Nan take ciyawar filin ta fito tar, lambobin bayan riguna suka karantu daga bencin ƙarshe. Waya mai kan rawaya ba ta iya ɗaukar hoton HD ko kaɗan, ba a yi ta don haka ba. Tun daga ranar, duk gidan da na shiga aka ce mini an sa HD amma ba a ga bambanci ba, bayan talabijin nake fara dubawa, kuma sau da yawa matsalar ke nan.

A gidan kallo kam, ko tantama babu, canjin ya biya kansa. Ƙwallo abu ne ƙarami mai gudu, ana ɗaukar sa daga nesa a fili mai faɗi. A tsohon hoto, idan aka yi dogon bugu sai ƙwallon ya zama wani farin abu dishi-dishi, 'yan wasa kuma sai ka gane su ta tafiyarsu ba ta fuska ba. Mutum hamsin a ɗaki, kowa na son ya gani da idonsa ko an yi satar gida, ko ƙwallo ya taɓa hannu. Wanda ya biya kuɗin shiga, idan ya ji maƙwabcinka hotonsa ya fi naka, ranar Asabar mai zuwa can zai tafi, kuma ba za ka ga laifinsa ba. Amma ka lura, can babban allo ne, kuma kallon shi ne abincina.

Gida kuma lissafinsa daban ne, kuma nan ne naka yanayin ya shigo. Yawancin talabijin masu inci 32 da ke kasuwanninmu ɗigonsu 1366 ne da 768. Ko an turo musu cikakken 1080, rage shi suke yi zuwa abin da za su iya nunawa. Duk da haka, daga tsohon hoto zuwa wannan akwai bambanci na gaske, za ka gan shi. Sai dai nisan zama yana cinye shi. Idan kujerarka tana mita uku ko fiye daga allo mai inci 32, idon mutum ba ya rarrabe ƙananan ɗigon sosai, bambancin sai ya ragu ƙwarai. Idan kuma yara ne da ke zama a kan tabarma dab da allon, su za su fi kowa more shi.

Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne, girman talabijin ne yake tilasta HD, ba HD ke tilasta girman talabijin ba. Da na sayi mai inci 50 na sa a falo, tsohuwar dikodar da nake jin daɗinta a ƙaramin allo sai hotonta ya zama abin takaici. Ɗigo dubu ɗari huɗun nan ne aka ja su aka baza a fili mai faɗi, fuskoki suka yi laushi kamar an shafa musu mai, rubutu ya yi gashi-gashi a gefe. Tsohon talabijin mai ƙusumbi ma ya fi iya nuna irin wannan hoton da kyau, don shi aka yi shi. Saboda haka idan kana da niyyar sayen babban allo nan gaba, dikodar HD ta zama dole. Idan kuwa kana nan a kan inci 32 ɗinka, zaɓi ne.

Akwai wani wuri da HD ya amfane ni wanda ban yi tsammani ba, kuma shi ya sa ba na ce wa kowa almubazzaranci ne. Mahaifiyarmu tana zaune tare da mu, idonta ya yi rauni, kuma abin da take so a talabijin bai wuce tashar Alƙur'ani ta Makka da ta Sunna ta Madina ba, musamman tarawihi da azumi. Tashoshin nan kyauta ne a taurarin Larabawa irin su Arabsat da Nilesat, kuma akwai su a HD. Ranar da na kama mata ta HD ɗin, ta matso ta daɗe tana kallo, ta ce yau ta ga rubutun da ke jikin rigar Ka'aba. Ƙaramin rubutu shi ne inda bambancin ya fi fitowa: labaran da ke gudu a ƙasan allo, fassara, sakamakon wasa a kusurwa. Ga dattijon da idonsa ya fara gajiya wannan ba ado ba ne. Kuma ka ga wannan ko sisi ba na biya a wata, risiba ce kawai, wato akwatin kama tashoshin kyauta, mai karɓar HD, da dish mai ɗan girma.

Wannan ya kawo ni ga dalilin da ya sa nake ganin canza akwatin kansa ba asara ba ne. Tsofaffin risibobi MPEG-2 kawai suke ganewa, wato tsohon tsarin matse hoto kafin a watsa shi. Tashoshi da yawa sun koma MPEG-4 da tsarin watsawa na DVB-S2, har da waɗanda hotonsu ba HD ba ne, domin yana rage musu kuɗin hayar tauraro. Shi ya sa za ka ga mai tsohuwar risiba ya yi bincike bai sami tashar da maƙwabcinsa ke kallo ba, ko ya same ta murya na fita hoto babu. Idan za ka sayi risibar tashoshin kyauta, ka duba jikin kwalin ka ga an rubuta DVB-S2, in ka sami mai H.265, sabon tsarin matse hoto, ma ya fi, za ta daɗe tana yi maka aiki. A ɓangaren masu biyan wata kuwa, dikodar DStv ta yau da kullum da ake sayarwa yanzu HD ce da ma. Explora mai tsadar, abin da ta ƙara shi ne naɗar shiri da tsayar da shi ka dawo ka ci gaba, kuma wannan yana da ƙarin kuɗinsa a wata. Ba don kyan hoto ake sayen ta ba. StarTimes suna da na eriya da na dish, GOtv kuwa eriya ce ba tauraro ba, kada a rikita ka.

Sai damina. Tashoshin HD galibi sun fi buƙatar sigina mai ƙarfi, don haka idan hadari ya haɗo a watan Agusta su ke fara farfashewa, alhali ta tsohon inganci tana nan tana lallaɓawa. Dish ɗin da ya yi shekaru a kan rufi, iska ta ɗan karkata shi, wayarsa ta sha rana ta tsage ruwa na shiga, yana iya riƙe maka tsofaffin tashoshi amma ya kasa HD. Ka sa wannan cikin lissafi: kuɗin wanda zai hau ya daidaita shi, wataƙila sabuwar waya mai kauri, wataƙila sabon LNB, wato ɗan kan da ke gaban dish ɗin. Idan ɗan ƙaramin dish ne mai santimita 60, komawa mai 90 yana taimakawa sosai a lokacin ruwa. Kuma ka tsaya a kansa ya nuna maka layin ingancin sigina a kan tashar HD, ba layin ƙarfi kaɗai ba, kafin ka sallame shi.

Babban abin da ya sa na sauka daga tsari mai tsada a gidana shi ne wuta. Kuɗin wata kwana yake ƙirgawa, ba awannin da ka kalla ba. Ko an kawo wuta ko ba a kawo ba, ranar da wata ya cika za a rufe. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, tayar da janareta don wasa ɗaya ya zama abin da sai magidanci ya yi tunani. Na zauna na ƙirga wasannin da nake kallo da gaske a wata, na raba kuɗin tsarin da na mai a kansu, sai na ga kowane wasa yana cin abin da ya ninka kuɗin shiga gidan kallo sau da yawa. Mai sola da batir lissafinsa ya fi sauƙi, don talabijin mai inci 32 da dikoda ba su da cin wuta sosai. Babban allo kuwa yana jan fiye da haka, ka duba takardar da ke manne a bayansa za ka ga adadin.

Yanzu abin da nake yi shi ne, ina kan ƙaramin tsari saboda iyali, sai in ɗaga shi a watan da akwai abin da nake so in gani a nutse. Haka na yi lokacin Gasar Kofin Afirka da aka buga a Kwaddibuwa a farkon 2024. Wasan ƙarshe na ranar 11 ga Fabrairu, da Troost-Ekong ya fara ci wa Najeriya da ka kafin 'yan Kwaddibuwa su rama su ƙara, aka tashi 2 da 1, a falona muka kalle shi da maƙwabta, kuma ban yi nadamar kuɗin watan ba duk da zafin sakamakon. Da gasar ta ƙare na sauko. Don Firimiya da Gasar Zakarun Turai a DStv sai ka hau manyan tsare-tsare irin su Compact da Compact Plus, kuma ka tambaya takamaimai wace gasa ce ke cikin wanne kafin ka biya. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram su Canal+ suka fi amfani da shi, sharhin da Faransanci, amma lissafin wata ɗaya ne da namu.

Wasu za su ba ka shawarar akwatunan nan da ake sa wa intanet su buɗe tashoshin biya a ɓoye. Ni ba na ba da wannan shawarar. Haƙƙin mutane ne, kuma na ga yadda suke ɗaukewa ana tsakiyar wasa, babu wanda za ka kai wa ƙara.

Game da abin da iyalinka ke kallo, ka tuna tsofaffin finafinan Hausa da aka ɗauka a zamanin faifan bidiyo ba za su ƙara haske ba ko a wace dikoda, kuma yawancin tashoshin wa'azi na gida hotonsu na tsohon inganci ne. Don haka uwargida ba lallai ta ga wani canji a shirye-shiryenta ba, kada ka yi mata alkawarin abin da ba zai faru ba.

Da ni ne kai, zan sayi dikodar HD da wayar HDMI mai kyau, in sa a daidaita dish kafin ruwa ya sauka, in zauna a kan ƙaramin tsarin da nake kai. Manyan wasanni in je gidan kallo, ko in ɗaga tsarin na wata ɗaya idan gasa ta zo. Kafin ka fitar da kuɗin ma, ka auna taku nawa ne daga kujerarka zuwa talabijin ɗinka. Ka je shagon ranar Asabar da rana lokacin da ake wasa, ka ce ya haɗa maka dikodar a allo mai inci 32 irin naka, ba babban da ya rataye don talla ba. Ka ja baya daidai wannan takun, ka sa ya nuna maka tashar ƙwallo, sannan ya koma tashar da iyalinka suka fi kallo. In da hali ka tafi da babban ɗanka, idonsa ya fi namu kaifi.