Tambaya da Amsa: Koyon Japananci a Jami'a

Yawancin wasiƙun wannan karon daga ɗaliban da suka ɗauki kwas ɗin Japananci suka fito, sai guda ɗaya daga wani uba. Mun miƙa su ga malaman da ke koyar da harshen, ga amsoshinsu.

Tambaya: Assalamu alaikum. Makonmu na uku ke nan da fara kwas, har yanzu da boko nake rubuta duk abin da aka koya mana. Malamarmu ta ce daga wata mai zuwa ba za ta ƙara duba takardar da aka rubuta da boko ba. Anya wannan ba tsanani ba ne? *Daga wata ɗalibar aji ɗaya*

Amsa: Wa'alaikumus salam. 'Yar'uwa, gata ta yi miki. Muddin boko na kan takarda, ido can zai tafi, haruffan Japanancin su zama ado. Ga shi kuma boko na ɓoye tsawon wasali. Sunan Tokyo, alal misali, gaɓa biyu ake gani a boko, amma a bakin masu harshen bugu huɗu ne: to-o-kyo-o.

Aikin bai kai yadda kike tsoro ba. Hiragana, rubutun Japananci da ake fara koya, haruffa 46 ne, kusan kowanne gaɓa ce cikakkiya, kuma an jera su biyar-biyar: a i u e o, ka ki ku ke ko, har ƙarshe. Ki ɗauki jeri ɗaya a rana, ki rubuta da hannu kina furtawa, kina bin tsarin jan layin da littafi ya nuna. Cikin kwana goma kin gama. Sauran duk ƙari ne a kan waɗannan: ɗigo biyu a kafaɗar harafi na mai da ka ta zama ga, ta ta zama da, ha ta zama ba; ƙaramar da'ira na mai da ha ta zama pa. Inda ake tuntuɓe sanannu ne. Ana rikita ぬ da め, る da ろ, da kuma わ, れ, ね. Sannan akwai haruffa uku da ke sauya karatu idan suna aikin nahawu a jimla: は ana karanta ta wa, へ ana karanta ta e, を kuwa o.

Katakana ma 46 ne, sautukansu ɗaya da na hiragana, da su ake rubuta kalmomin aro da sunayen baƙi. Su ne ɗalibai ke watsarwa, don ba su cika fitowa a darussan farko ba, sai a ga ɗan aji biyu yana in'ina a kansu. Ki lura da シ da ツ, da ソ da ン: a shi da n dogon layin daga ƙasa yake hawa, a tsu da so daga sama yake sauka.

Tambaya: Malam, ina karanta kalma daidai yadda take a rubuce, amma malaminmu sai ya ce ban faɗe ta daidai ba. Ina matsalar take? *Daga wani ɗalibi*

Amsa: Sau da yawa a tsawo take. Japananci bugu yake ƙirgawa, kusan kowane harafin hiragana ko katakana bugu ɗaya ne, har da ん da ƙaramin っ mai sa a riƙe baƙi kamar shadda. Obasan gwaggo ce ko inna, obaasan kaka ce. Kite na nufin zo, kitte kuwa kan sarki ne na wasiƙa. Ka riƙa tafa hannu kana faɗa, tafi ɗaya ga kowane bugu, har bakinka ya saba.

A nan mai jin Hausa yana da jari babba da sauran 'yan aji ba lallai su samu ba. Wasulan biyar ne kamar namu, mun san dogo da gajere, mun san baƙi mai shadda, kunnenmu kuma ya saba da hawa da saukar murya. Japananci ma yana bambanta kalmomi da karin sauti: a karin Tokyo, ame mai farawa sama ta sauka ruwan sama ne, mai farawa ƙasa ta hau alewa ce. Littattafan koyo da yawa ba sa nuna wannan, wasu malaman ma tsallake shi suke yi. Kai kada ka tsallake, tunda kunnen yana nan.

Sai dai jarin yana zuwa da nasa tarkon. Tsu ɗinsu ba irin ts ɗinmu ba ce ta tsuntsu, mai fita da matsi daga maƙogwaro. T ce da s a haɗe, a sake. Kuma p da f baƙaƙe ne daban a wurinsu. Fu ɗinsu tana kusa da f ɗinmu ta leɓɓa, amma p sai leɓɓa sun rufe ruf sannan su buɗe. Kalmar enpitsu, wato fensir, ta haɗa matsalolin biyu, ka mai da ita ma'auni. Wasalin u na ƙarshen desu da masu kuma kusan ba a jin sa. Magani shi ne ka kunna sautin darasi, ka bi mai magana a baya kaɗan ba tare da tsayar da shi ba, minti goma zuwa sha biyar kullum, sannan ka naɗi muryarka a waya ka kwatanta.

Tambaya: A zangon farko na ci maki mai kyau ba tare da wata wahala ba. Yanzu a zango na biyu komai ya cakuɗe mini, aikatau ya ƙi zama, kanji kuma, wato haruffan da aka aro daga Sin, ina haddacewa yau, gobe ya gudu. Har na fara tunanin ajiye kwas ɗin. *Daga wani ɗalibi mai neman mafita*

Amsa: Kada ka ajiye tukuna. A daidai wannan gaɓar aji ke raguwa, kuma dalilin a fili yake. A zangon farko da sigar ladabi mai ƙarewa da masu ake koyar da aikatau, ita kuwa duk hanya ɗaya take bi: tabemasu, tabemasen, tabemashita. Ɗalibi sai ya ɗauka haka harshen yake. Da an shigo sigar aikatau mai ƙarewa da te ko de, dole ka san rukunin da kowane aikatau yake, abin da ba ka taɓa buƙata ba.

Rukunan uku ne. Na ichidan ka cire ru ka sa te: taberu, tabete. Marasa bin ƙa'ida biyu ne kacal, suru ya zama shite, kuru ya zama kite. Na godan ne ke da aiki. Mai ƙarewa da u, tsu ko ru yana komawa tte. Mai mu, bu ko nu yana komawa nde. Ku ya zama ite, gu ya zama ide, su ya zama shite. Iku, wato tafi, shi ne ɗan tawaye, itte yake zama. Babban tarkon shi ne wasu 'yan godan suna sanye da rigar ichidan: kaeru na komawa gida, hairu, hashiru, shiru. Wanda bai sani ba zai ce kaete, alhali kaette ne. Har akwai kiru guda biyu, na sa tufafi ya ba da kite, na yanka ya ba da kitte.

Ka ba wannan mako guda cur, domin a kansa aka ɗora rabin abin da ke tafe: roƙo da te kudasai, aikin da ke gudana da te iru, neman izini da te mo ii, sigar abin da ya wuce mai ta, da sharaɗi mai tara. Daga yau kuma kada ka haddace aikatau shi kaɗai. Ka rubuta shi da sigarsa ta ƙamus, da rukuninsa, da 'yar kalmar da yake ja. Haɗuwa da aboki tomodachi ni au ne, ba da o ba. Zama a wuri kalmar ni yake ɗauka, yin aiki a wuri de: toshokan ni imasu, ina laburare; toshokan de yomimasu, a laburare nake karatu. Batun 'yan kalmomin nan wa da ga kuwa, an rubuta littattafai sukutum a kansa, kada ya hana ka barci yanzu. Riƙe wannan kawai: tambayar wane ne ya yi abu da dare ga ake yin ta, amsarta ma da ga take zuwa.

Kanji yana gudu ne saboda yadda ake haddace shi. Yawancin haruffan suna da karatu iri biyu ko fiye, wanda aka aro daga Sin da na asalin Japananci, kuma haddace jerin karatun a ware aikin banza ne. A kalmar 日曜日, ranar Lahadi, harafi ɗaya ya fito sau biyu, na farko nichi, na ƙarshe bi. Kalmar za ka haddace, karatun zai biyo ta. Na biyu, ka daina ganin harafi a matsayin zane guda. Ɗigogi ukun nan na gefen hagu alamar ruwa ne, suna cikin 海 teku, 泳 iyo, 洗 wanki. Wani ɓangaren kuma sauti yake nunawa: 青 ana karanta shi sei, haka 晴 da 清 da 静. Na uku, bita a warwatse: bayan kwana ɗaya, bayan uku, bayan mako, bayan wata. Manhaja irin Anki tana tsara maka wannan, amma kada sababbin katuna su wuce goma zuwa sha biyar a rana, in ba haka ba ka yi fashin mako ɗaya ka tarar da ɗaruruwa na jiranka, ka rufe ba za ka ƙara buɗewa ba. Kanji uku a rana, kwana biyar a mako, mako talatin, 450 ke nan a shekara.

Tambaya: Ɗana ya zaɓi Japananci a jami'a. Ina so in sani, in ya yi shekara huɗu zai iya harshen har ya ci abinci da shi? Kuma da me za a gane ya iya? *Daga wani uba*

Amsa: Ranka ya daɗe, aji kaɗai ba zai kai shi ba. Cibiyar horar da jami'an diflomasiyyar Amurka ta sa Japananci a rukunin harsuna mafi wuya ga mai jin Turanci, tana ƙiyasta sa'o'i 2,200 na aji, wato mako 88 na karatu ba kama hannun yaro. A ce kwas ɗin jami'a sa'a huɗu ne a mako, mako 15 a zango, zango biyu a shekara: sa'a 120 ke nan, a shekara huɗu 480. Giɓin da karatun kansa zai cike shi. Jerin kanji na amfanin yau da kullum da gwamnatin Japan ta sabunta a 2010 haruffa 2,136 ne, yaran can ma 1,026 suke koya a shekara shida ta firamare.

Ma'aunin da aka sani ko'ina shi ne jarrabawar JLPT, wadda aka fara a 1984. Tun 2010 matakanta biyar ne, daga N5 mafi sauƙi zuwa N1. Ana yin ta a watan Yuli da Disamba, a wasu ƙasashen sau ɗaya kawai a shekara. Jimillar maki 180 ne. N2 na buƙatar 90, N1 na buƙatar 100, kuma a waɗannan matakan dole a samu aƙalla 19 cikin 60 a kowane sashe. Wanda ya ƙware a karatu ya yi sakaci da sauraro zai faɗi ko da jimillarsa ta haura. N2 ne masu ɗaukar aiki suka fi tambaya, shi ya kamata ya sa a gaba kafin ya gama. Amma a sani, jarrabawar zaɓi-ka-cika ce, ba ta gwada magana ko rubutu, don haka akan sami mai takarda a hannu da ba ya iya amsa waya.

Ku tambayi sashen abu uku: sa'o'in harshe nawa ne a mako, ɗalibai nawa ne a ajin magana, kuma ko suna da yarjejeniyar musayar ɗalibai da wata jami'a a Japan. Ma'aikatar ilimi ta Japan, MEXT, tana da tallafin shekara ɗaya na musamman ga ɗaliban digirin farko masu nazarin harshe da al'adun ƙasar, ana nema ta ofishin jakadanci ko ta jami'a. Shekara guda a can takan yi abin da aji bai yi ba.

Tambaya: Na koyi kalmomi da yawa daga katun ɗin Japan. Da na gwada su a aji sai malama ta ɓata rai. Me na yi? *Daga wani ɗalibi*

Amsa: Wataƙila ka ce mata omae, wato ke ta rashin ladabi, ko ka yi mata magana da gajeriyar siga. Jaruman katun yaren faɗa da na abokai suke yi. Kallon yana gyara kunne, amma da malami sigar desu da masu ake amfani, a kira shi sensei, ba a ce masa anata, wato kai. Kanka kuma watashi za ka ce, kuma ba a liƙa kalmar girmamawa san a sunan kai. Cikakken harshen girmamawa, keigo, sai wajen ƙarshen matakin farko ake shiga shi, inda aikatau ɗaya ke rabuwa biyu: cin babba meshiagaru ne, naka cin itadaku, zuwan babba irassharu, naka zuwan mairu. Kafin lokacin, duk kalmar da ka tsinta a katun ka duba ta a ƙamus, ka ga wa ke faɗa wa wa, sannan ka kai ta aji.