Ku Tambayi Anti: Wa ya fara buɗe gidan raino?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ni ma'aikaciyar jinya ce, hutun haihuwata ya ƙare, yarona kuma watansa huɗu. Da na ce zan riƙa kai shi gidan raino, sai surukata ta ce wannan ƙirƙirar matan Turawa ce da suka raina aure suka zaɓi ofis. Don Allah wa ya fara abin nan? Daga wata mai jego a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya raya mana. Ki gaishe min da Hajiya. Inda ta ce daga ƙasar Turawa abin ya fito, ta yi gaskiya. Zancen ofis ɗin ne ban yarda da shi ba.

A shekarar 1844 wani Bafaranshe, Firmin Marbeau, ya buɗe gidan raino a unguwar Chaillot ta birnin Paris, don jariran mata talakawa masu fita aikin ƙwadago, irin su wankau. Amma wadda ta ɗauki abin a ka har ya bazu a Amurka mace ce, Josephine Jewell Dodge. An haife ta a 1855, 'yar gwamnan jihar Connecticut, ta kuma auri ɗan gidan attajirai. Ba ta da buƙatar gidan raino ko ta sisin kwabo. Matan da ta gani a unguwannin talakawan New York ne suka tsaya mata a rai: baƙin haure da gwauraye masu ɗinki da shara a gidajen mutane, waɗanda in sun fita da asuba sai su bar jariri a hannun yayarsa, ita ma yarinya ƙarama. A 1888 ta buɗe Jewell Day Nursery. A 1893, a babban baje kolin Chicago, ta shirya ɗakin raino na gwaji, iyaye su ajiye yara su shiga kallo, su dawo su ɗauka. Zuwa 1898 ta zama shugabar ƙungiyar gidajen raino ta ƙasar baki ɗaya.

Ga inda za ki ba Hajiya mamaki. Wannan baiwar Allah ita ce ta kafa ƙungiyar adawa da ba mata damar jefa ƙuri'a a 1911, ta shugabance ta har 1917. A ganinta siyasa ba ta mace ba ce. Ni dai a nan mun raba gari da ita, amma ba wanda zai ce mata mai raina aure.

Tsoron Hajiya kuwa, ina jin ba tarihi ba ne, jikanta ne. Lokacin da na kai 'yata ta fari wani gidan raino, na koma ran nan da azahar ba tare da na sanar ba, na tarar da mace ɗaya tana fama da jarirai bakwai, tawa tana kwance da jiƙaƙƙen nafkin, nonon da na tatsa yana kan taga cikin rana. Ranar na ɗauke ta. Na biyun da na samu ɗaki biyu ne kawai da tabarmi, amma masu raino uku ne, kuma kowace ta iya goyo.

Saboda haka ki je da tsakar rana, ki ƙirga yara, ki ƙirga hannuwa, ki leƙa inda suke ajiye nono da inda suke wanke kwalabe. Kuma ki roƙi Hajiya ta raka ki. Abin da idonta zai hango a minti biyar, ke sai kin yi mako ba ki lura ba.