Badakkare, Dakarkari da Dakare: Tushensu Ɗaya Ne?

Tambaya: Malam, mijina mutumin Zuru ne. Kullum ina jin ana cewa sunan Dakarkari daga "dakare" ya fito, wato sojan ƙasa. Gaskiya ne? Kuma me ya sa ba a cewa Dakarawa?

Amsa: Malama, bari in fara da ta biyun. Ba kowace ƙabila Hausa ke yi wa jam'i da "-awa" ba. Dubi Babarbare, Barebari, Barbarci. Haka Badakkare, Dakarkari, Dakarci suke tafiya: a maimaita gaɓar tsakiya, a rufe da "-i".

Batun "dakare" kuwa, ni ban gamsu da shi ba. Jam'in dakare dakaru ne, kuma kamar sauti kaɗai ba ta isa hujja ba. Abin da ya ba zancen ƙarfi shi ne sunan da Zuru ta yi wajen aikin soja. Janar Ishaya Bamaiyi, babban hafsan sojan ƙasa daga 1996 zuwa 1999, ɗan can ne, marigayi Sarkin Zuru Muhammadu Sani Sami ma ya kai Manjo Janar kafin ya hau karaga. Mutane suka ga jarumta, sai suka nema wa sunan ma'anar da ta dace da ita.

Abin da na fi so ki riƙe shi ne, Dakarkari sunan da mu Hausawa muka ba su ne. Su da bakinsu Lelna suke, mutum ɗaya K'lela, harshen C'lela, ƙasar kuma A'lela. Tushen ɗaya ne, "lela", galibi harafin gaba ne ke sauya ma'ana, inda mu sai mu sa "ba-" a gaba ko "-ci" a baya. Wannan tsari na harsunan Kainji ne, dangin Dukanci da Kambarci, ba dangin Hausa ba ko kaɗan. Ana jin C'lela a Zuru da Danko-Wasagu da Sakaba a jihar Kebbi, har zuwa Rijau a jihar Neja.

Tunda gidansu kika shiga, ki tambayi surukanki kalmar "golmo", noman da saurayi ke yi wa iyayen budurwa shekara da shekaru, shi da tsararrakinsa, kafin a ba shi mata. "Gayya" ba ta ɗauke ma'anarta duka ba, domin gayya ta yini ce. Ki bar yaranki su koye ta daga bakin kakanninsu, su kuma je bikin Uhola na shekara-shekara su ji harshen cikin waƙa.